Ɗan'uwa, wuƙar aljihu ba sukudireba ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, dan Allah a ɗan sam min fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Na san wasu da sun ga kanun za su ce ji wannan kuma, mutane na fama da tsadar taki da kuɗin makarantar yara shi wuƙa ce ta dame shi. Toh na ji, ba babbar magana ba ce, amma irin ƙananan abubuwan nan ne ke sa ka ga magidanci ya wuni yana ɗaure fuska a gida an rasa me aka yi masa, kuma duk mai 'yar wuƙar aljihu ta kirki, irin mai naɗewar nan, ya riga ya san inda na dosa. Ina magana ne a kan yadda 'yan'uwa da abokan arziki suke kashe mana bakin wuƙa da sunan "ɗan ara min, yanzun nan zan dawo maka da ita".

Ni dai lambu nake yi ta wajen Dadin Kowa, kuma abin da ya fi kawo min na cefane shi ne aurar da mangwaro da lemo in sayar da dashe. Wanda bai taɓa gani ba ga yadda abin yake, za ka yanko ɗan reshe daga bishiya mai iri mai kyau, ka fere gindinsa gefe da gefe, ka tsaga kan dashen da ka rena a leda, ka cusa reshen a tsagar ka naɗe da leda tam. To ferewar nan ita ce aikin gaba ɗaya, dole ta zama ja ɗaya, sumul, don ɗanyen ɓawon ciki na reshen da na dashen su kwanta a jikin juna ba wata kafa. In bakin wuƙa ya dakushe murje icen zai yi maimakon ya yanka, in kuma akwai giɓi ko da wanda sai ka kai farce za ka ji shi, zai bar zane a jikin yankan, iska ta shiga, bayan sati biyu ko uku ka kwance leda ka tarar wurin ya yi baƙi ya bushe, dashen da ka yi wata da watanni kana ba shi ruwa ya tashi a banza. Shi ya sa in na ce an ɓata min wuƙa ba wai ƙawa ko iyayi ba ne, abinci ne aka taɓa.

Wuƙaƙena biyu ne. Akwai Opinel lamba 8 ta ƙasar Faransa mai mariƙin ice, wani abokina direba ya kawo min ita tsaraba, da ita nake aurar da dashe. Akwai kuma ƙaramar ja ɗin nan ta Victorinox 'yar Suwizalan da ke rataye da makullaina. Ita jar ce ta fara shan wahala a hannun babban wanmu. An ɗauke wuta da daddare, janareto ya ƙi tashi, sai na ji daga tsakar gida "kai kawo wuƙar nan taka". Na miƙa, ina riƙe masa tocilan, ina kallo ya zaro babban bakin, ya sa tsinin a ramin wani sukuru da ya ci tsatsa, ya danna da tafin hannu ya murɗa. Na farko tsinin ya zame ya karci murfin. Na biyu ya cije leɓe ya ƙara ƙarfi sai ji na yi ƙas, ɗan guntun tsini ya yi tsalle ya faɗa ƙasa. Hamma ya ɗaga wuƙar ya duba a hasken tocila, ya hure ta, ya goge a jikin rigarsa, ya naɗe ya miƙo min ya ce "ai ba ta da ƙwari, jabu suka sayar maka". Me zan ce? Cewa na yi to Hamma. Abin da ya fi ba ni haushi wallahi, a jikin wannan wuƙar dai, ɗan yatsa ɗaya tsakani, akwai sukudireba da aka yi musamman don wannan aikin, bai ko kalle ta ba.

Kuma ba yau masu ƙera ta suka san da wannan ba. Wuƙar farko da aka raba wa sojojin Suwizalan a 1891 abu huɗu ne a jikinta, bakin yanka, da abin huda, da mabuɗin gwangwani, da sukudireba, saboda soja yana buƙatar buɗe abincin gwangwani kuma yana buƙatar kwance bindigarsa ya goge. Wato tun shekara 130 da wani abu da suka wuce an gane cewa bakin yanka daban, abin murɗa sukuru daban, abin fasa gwangwani daban, har aka ɗauki wahalar haɗa su a mariƙi ɗaya. Kamfanin Victorinox da Karl Elsener ya kafa a garin Ibach a 1884 har yau ba taurin ƙarfe ɗaya yake ba su ba, akwai wani ma'aunin tauri da ake kira Rockwell, bakin yanka yana kan 56, sukudireba da mabuɗin gwangwani 52, da gangan aka rage musu tauri don su jure murɗa ba su karye ba. Shi bakin yanka an ƙara masa tauri ne don ya riƙe kaifi, kuma duk ƙarfen da ya ƙara tauri ya ƙara saurin ɓallewa in aka lanƙwasa shi ta gefe. Don haka Hamma, in kana karantawa, ba jabu ba ce.

Ita kuma Opinel a hannun Goggo ta gamu da nata rabon, kuma da zuciya ɗaya ta yi, shi ya sa abin ya fi wuyar magana. Irin tawa ba mai ƙyallin nan ba ce da ba ta tsatsa, wadda ake zuba wa sinadarin kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin 100, tawa baƙin ƙarfe ce, ta fi saurin ɗaukar kaifi amma ruwan lemo da ƙaron mangwaro da albasa suna sa ta yi duhu-duhu. Wannan duhun ba datti ba ne, hasali ma yana ɗan kare ta daga jar tsatsa. Na manta ta a kan tabarma na tafi masallaci, Goggo ta gani ta ce wannan ƙazanta har ina, ta haɗa ta da tukwane, ta samu toka da yashi da soson ƙarfe ta dirje ta ciki da bai har bakin, sannan ta bar ta a bahon wanke-wanke ta jiƙa. Da na dawo mariƙin ya sha ruwa ya kumbura, wuƙa ta ƙi buɗuwa sai da na sa filaya, ga ɗigo-ɗigon tsatsa ya fara fitowa a wajen mahaɗin, bakin kuwa ko tumatir ba ya kamawa, zamewa yake yi a kan fatar. Ta ce "ɗan nan ka ga yadda na fito maka da ita fes, ka riƙa kula da kayanka, Allah ya yi maka albarka". Na ce amin Goggo, an gode. Toh wa zai yi musu da addu'a.

Sauran ba sai na tsaya ba da labari ɗaya ɗaya ba, kowa ya san su. Mai kankare fulogin babur, mai kankare kan batir, mai fere wayar wuta har ya datse tagullar, mai ɓalle murfin gwangwanin fenti, mai huda gwangwanin madara da na tumatir ya ɗora tsini ya buga da tafin hannu, mai ciro ƙusa daga takalmi, mai fasa ƙanƙara lokacin azumi, mai farka buhun siminti, yaran da za su ɗauka su je bayan gida suna gasar cilla ta ta kafe a ƙasa. Da abokan majalisa, a sayo balangu a zuba a tiren ƙarfe ko farantin tangaran, "wa ke da wuƙa?", sai ka ji ƙiiii ƙiiii ana yanka nama ana haɗawa da faranti, kai kaɗai ne naman ba ya maka daɗi. Akwai ma wanda zai gama yanka rake ya ga ta ɗan dakushe sai ya yi maka gwaninta, ya tsuguna ya goga ta a bakin dakalin siminti gaba da baya, ya miƙo yana murmushi wai ya wasa maka.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne kaifi ba wani abu ba ne illa siranta. Can ƙarshen bakin wuƙa mai kaifi ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa. Ƙarfe mai wannan sirantar in ya haɗu da abin da ya fi shi laushi, nama ko ɗanyen ice ko igiya mai tsabta, sai ya ratsa ya wuce. In ya haɗu da abin da ya kai shi tauri ko ya fi shi, ɗayan biyu ne, ko ya kwanta gefe ko ya ɓalle. Kuma abubuwan da suka fi ƙarfen wuƙa tauri sun cika gidajenmu. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs mai hawa 10, ƙwayar yashi tana kan 7, ƙarfen wuƙa kuwa tsakanin 5 da rabi ne zuwa 6 da rabi, gilashi da tangaran da tayil duk suna nan kusa da shi ko sama da shi. Siminti yashi ne a cikinsa. Buhun da ya kwana a ƙasa a kasuwar Tudun Hatsi yashi ne a saƙarsa, igiyar da aka ɗaure akuya da ita haka, doya da rogo da ba a wanke ba haka, kwali ma yana cin kaifi fiye da yadda ake zato, balle lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a kan komai. Wanda yake so ya gani da idonsa ya ɗauki wuƙa ya juya bakin sama a ƙarƙashin rana, baki mai kaifi ba ya ƙyalli, duk inda ka ga ɗan farin layi yana walƙiya to nan ya kwanta ko ya ɓalle.

Ga kuma hatsari, wanda shi ya kamata ma ya fi damun masu aron. Da yawa daga cikin wuƙaƙen aljihu ba su da makulli, sifirin ne kawai ke riƙe bakin a buɗe. Ka ɗora tsini a kan gwangwani ka danna, in ya ɗan karkace sai ta naɗe ta rufo a kan yatsunka, kuma da ƙarfinka za ta rufo. Opinel sai a 1955 suka ƙara mata zoben da ake murɗawa ya kulle bakin, ita kuma Okapi da iyayenmu suka sani, mai zobe a baya da ake ja kafin ta naɗe, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902 kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, tana da nata makullin. Amma ko mai makulli ce, ka ɗora ta a kan ƙashi ko ice ka buga bayanta da dutse, ƙusar da ke riƙe bakin za ta saki, daga ranar bakin ya dinga rawa kenan hagu da dama, ba ta ƙara yanka a miƙe.

Sai kuma ɓarna ta biyu da ke biyo bayan ta farko, wato gyara. Wanda ya ji kunya ya ce bari ya kai maka ita a wasa, sai ya nufi wajen mai walda ko mai injin wasa na lantarki. Ba ina kushe sana'ar kowa ba ne, injin nan yana da amfaninsa a kan adda da gatari da fartanya, amma 'yar wuƙar aljihu ba ta da naman da za ta ba shi. Duk tartsatsin da kake gani yana tashi wuƙarka ce ke tafiya. Mafi muni shi ne zafi. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda ake gasa ƙarfe ya yi ja a tsoma shi a ruwa ko mai ya yi tauri, sannan a ɗan sake ɗumama shi kaɗan don kar ya zama mai saurin karyewa, wannan ɗumamawar ta biyu ba ta wuce wajen digiri 200 ba a yawancin wuƙaƙe. Siririn baki a kan busasshen dutse mai gudu cikin daƙiƙa kaɗan yake wuce wannan, in ka ga bakin ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi, shuɗin nan wajen digiri 300 kenan, taurin wurin ya tafi. Za a miƙo maka ita tana aske gashin hannu kana murna, ka yanka abu biyu ta koma gidan jiya, kuma haka za ta yi ta yi sai an cinye duk wurin da ya ƙone.

Lokacin Babbar Sallah kam ba a magana. Ranar layya duk wuƙar da ke gidan ta zama ta jama'a, yara masu fiɗa su zo su karɓa, daga fiɗa a koma yanka, daga yanka a koma saran haƙarƙari da ƙafafu da abin da bai kai tsawon tafin hannu ba, ga gatari can a jingine ba wanda ya kula shi. Alhali kaifin wuƙa a ranar nan ba ma zancen son rai ba ne, hadisin Shaddad bin Aus da Muslim ya ruwaito, na 17 a Arba'una da yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, ya yi umarni mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Kenan kamata ya yi wuƙar yanka a killace ta, ba ta taɓa ƙashi ba ta taɓa ƙasa, ta fiɗa daban, abin sara daban. Mahauta sun san wannan sarai, je ka kasuwar dabbobi ta Tike ko mayanka ka ce wani ya ba ka wuƙar yankansa ka sare ƙaho ka ji amsar da za ka samu. Wanzami ma ba ya ba da aron askarsa, tela ba ya yarda a yanka kwali da almakashinsa, ba wanda ke ce musu marowata. Amma kai da taka ke aljihu, da ka ɗan yi jim kafin ka miƙa sai a ce a kan 'yar wuƙa?

A ganina nan ne matsalar take, kunya da gudun a ce maka marowaci a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma mai aro yana ganin ai ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ba ya jin komai. Da a ce babbar rigarka ta Sallah ya ara ya je ya yi kwaɓin siminti da ita kowa zai ga laifinsa, har Bappa sai ya kira shi ya yi masa faɗa, amma ɓarnar bakin wuƙa ba ta ganuwa daga nesa, an dawo da ita a naɗe, mariƙi lafiya, shikenan magana ta ƙare. Sai ka je lambu da sassafe ka ja ta a jikin reshe ka ji tana tsalle. Kuma in za mu faɗi gaskiya yawancin masu yin haka ba mugunta ba ce, rashin kayan aiki ne. Gida mai mutum goma sha, akwai janareto akwai babur akwai fanka akwai wayoyi, amma ba sukudireba ko ɗaya, ba filaya, ba mabuɗin gwangwani, ba katakon yanka, to dole duk abin da ke da tsini ya zama sukudireba, yau wuƙa gobe cokali jibi almakashin Mama. Kuɗin waɗannan duka in ka haɗa ba su kai na wuƙar kirki ɗaya ba.

Ni dai abin da na yi yanzu, na shiga babbar kasuwa na sayo sukudireba biyu, mai baki ɗaya da mai kuros, da filaya da mabuɗin gwangwani da wata wuƙar maƙera ta sifirin mota mai kauri wadda ko an sari ƙashi da ita goga biyu a dutse ta dawo, na zuba su a wani tsohon gwangwani a zaure. Duk wanda ya ce ara min wuƙa sai in ce me za ka yanka? In ya fara da "wani ɗan noti ne" sai in nuna masa zaure. Ƙannena sun saba, abokai sun yi tsiyarsu sun gaji, wai Sarkin Wuƙa. Manya ne dai har yanzu ban samo dabararsu ba, in Hamma ko surukina ya miƙo hannu sai dai in yi wuf in ce kawo in yi maka, ranka ya daɗe, ai ba girmanka ba ne. Ta aurar da dashe kuwa ta daina kwana a aljihu, tana cikin jakar lambu, wanda dama ya fi min kwanciyar hankali, mu da muka ga zamanin 'yan daban Kalare a garin nan na Gombe mun san ba kowane wuri ake shiga da wuƙa a jiki ba ko da ta fere lemo ce.

Ga wanda aka riga aka ɓata wa tasa, in dai ba tsinin ne ya tafi da yawa ba tana gyaruwa a gida. Samu dutsen wasa ka jiƙa shi, ka kwantar da bakin ka ɗaga bayan kaɗan, wajen digiri 15 zuwa 20, ka riƙe hannunka a haka kar ya dinga hawa da sauka, ka yi ta gogawa gefe ɗaya har sai ka shafa ɗaya gefen da yatsa ka ji wani ɗan kaushi ya fito tun daga gindi har tsini, sannan ka juya ka yi wa ɗayan haka. In akwai giɓi sai ka haƙura ka ci ƙarfen har ka kai ƙasan giɓin, ba wata gajeriyar hanya. Daga nan ka koma abu mai laushi, ka rage danna hannu, ƙarshe ka ja ta da baya a kan fata, tsohuwar bel ma ta isa, yadda wanzamai ke yi. Wanda ba shi da dutse mai laushi ya nemi sanfefar masu fentin mota mai lamba 600 da 1000 ya shimfiɗa a kan gilashi ya ɗiga ruwa, ko ya kife kofin tangaran ya yi amfani da zoben gindin nan mara santsi. In ta yanka takardar jarida a tsaye ba ta yage ba, ta yi. A goge ta ta bushe, a ɗiga man gyaɗa kaɗan a mahaɗin tunda abinci ake yankawa da ita, ba baƙin mai ba.

Daga ƙarshe Malam Edita ina kira ga masu sayar da kayan aiki a kasuwannin Gombe da Bauchi, duwatsun wasa da suka fi yawa a shaguna masu kaushi ne na adda da fartanya, dan Allah a riƙa haɗo mana da masu laushi irin lamba 1000 zuwa sama, masu lambu da mahauta da dukawa da masu sassaƙa duk za su saya. Na gode da fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu kullum,
daga Jekadafari, Gombe.